Tumbinta Cike, Yunwa Ta Kayar da Ita

Ni malamin firamare ne, na haura shekara talatin ina riƙe da alli, amma sandar kiwo na fara riƙewa kafin alli. An haife ni a 1971 a wani ƙauye na ƙasar Wurno, inda tudu ya gangaro ya haɗu da fadamar gulbin Rima. Gidanmu gidan noma ne, gero da dawa da wake a tudu, shinkafa da albasa a fadama, sai 'yan shanu da ba su taɓa wuce goma ba. Abin da zan ba da labari ya same ni ne a bazarar 2010, kuma har yau in na bi ta gefen saurar da abin ya faru sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki. Abin da ya sa na buɗe baki shi ne yawan ma'aikata da 'yan kasuwa da nake gani suna zuba guminsu a shanu, suna auna abincin dabba da ido kamar yadda na auna.

Shanun gidanmu ba mu ke kiwonsu ba. Baba yana da amini Bafulatani, mu duka Baffa muke ce masa, shi ke haɗa namu da nasa. Da kaka yakan sauka a gonarmu ya yi mashekari, shanu su ci kara su bar mana taki, Baba ya ba shi damman gero, matarsa ta aiko wa Inna da nono da man shanu. Ba takarda, ba shaida, haka suka zauna har mutuwa ta raba su. Tun ina ɗan shekara bakwai, in an tashi daga makarantar allo nake bin Baffa daji, kuma a bakinsa na fara jin cewa haki, abin da mutanen Kano ke ce wa ciyawa, yana da ƙuruciya, yana da tsufa, yana kuma mutuwa alhali yana tsaye.

Baffa yana da wasu halaye biyu da nake gani kullum ban ɗauke su a bakin komai ba. In muka isa makiyaya, kafin ya saki garke, sai ya tsuguna ya zaro tsinke ɗaya daga tsakiyar tushe, ya ciji farin gindinsa, ya ɗan tauna. In ya ji ruwa da zaƙi sai ya gyaɗa kai. In ya tofar, na san ba za mu daɗe a wurin ba. Da safe kuma kafin a tatsa, yakan zagaya garke yana duban kashin da shanu suka yi cikin dare, wani ya taka shi da ƙafa, wani ya tona shi da sanda. Ni a lokacin ƙazanta na ɗauka.

Shekarar makiyayi a ƙasarmu gajeren daɗi ce da doguwar wahala. Ruwan sama ba ya wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. In ruwa ya zauna, gamba ce ke fara toho, don ita saiwarta ba ta mutuwa da rani, sannan gude-gude da harkiya da ƙarangiya su biyo baya. Mutumin birni ƙayar ƙarangiya kawai ya sani, yadda take manne wa wando, bai san cewa kafin ta yi ƙaya tana cikin abin da shanu suka fi so ba. A makonnin farko shanu kan yi zawo, hakin duk ruwa ne. Amma da an shiga malka, sai ka ga ikon Allah. Saniyar da ƙasusuwanta ke ƙirguwa a watan Mayu ta murje, gashinta ya kwanta yana sheƙi, tozo ya miƙe, ƙwarya ta cika da nono har yara su ture. A nan ake gane abin da ya sa aka ce nagge daɗi goma. Cikin hakin kuma akwai gadagi yana yaɗo a ƙasa, ɗan ƙaramin ganye wanda masu dawaki da masu turka raguna ke saye da tsada.

Wani abin da ya daure mini kai tun ina yaro shi ne tafiyar Baffa. Daidai lokacin da dajinmu ya yi kore shar, shi kuma sai ya kaɗa garke ya yi arewa, ya wuce Illela da Ƙonni ya shiga ƙasar Tawa, wasu danginsa har Ingal suke kaiwa shan gishiri. Na san gonaki na daga cikin dalili, amma na taɓa tambayarsa me ya sa zai bar dogon haki ya tafi inda haki bai wuce idon sawu ba. Ya ce, "Na can gajere na, amma shina da nauyi. Sanuwa ta ci kaɗan ta kwanta tana tuƙa." In sun dawo da kaka kuwa, shanunsa sun fi na kowa kyau.

Daga tsakiyar Satumba haki zai yi ciki kamar gero, ya fid da kai, ya zuba iri, iskar gabas ta taso, cikin 'yan kwanaki daji ya koma ruwan ƙasa. Kaka ce ke rufa asiri, kara da harawa da ƙowar wake su cika gonaki. Da hunturu a gangara fadama a ci burgu inda ruwa ya janye. Daga Maris kuwa sai abin da itace ya bayar, ganyen gawo da 'ya'yansa, aduwa, magarya, 'ya'yan kalgo, in ta ƙure har sabara.

A 1983 cutar shanun nan bushiya ta shigo ta yi ta kisa, shekarar da ta biyo fari ya ƙarasa abin da ta rage. Cikin shanunmu tara, biyu suka tsira. Na ga daji a share kamar tsakar gida, ko tsinken sakace babu, na ga Baba yana zare tsohuwar ciyawar jinka yana ba saniya. Abin da idon yaro ɗan shekara goma sha uku ya ɗauka daga wannan shi ne, dabba na mutuwa ne in daji ya zama fili. In akwai haki a tsaye, ba ta mutuwa. Da wannan fahimtar na girma, da ita na yi karatu, da ita na kama aiki, kuma ita ce ta cuce ni.

Da albashi ya fara shigowa na soma tara na kaina. A 2003 na sayo wata karsana Bokolo a kasuwar Acida, jikinta ruwan toka, goshinta fari tas, yara suka sa mata Kyalla. Ban taɓa ganin saniya mai sanyin hali irinta ba, ƙaramar 'yata kan shiga ƙarƙashinta ta fito ba ta ko motsa ƙafa. Ta haifa mini huɗu. Baba ya rasu a 2005, Baffa ya tsufa ya daina tafiya arewa, 'ya'yansa suka karɓi garke. Ni kuma na ga ai na isa, na karɓo shanuna, goma sha ɗaya a lokacin, na ɗauki yaro yana kiwo kusa da gida. Akwai wata saura da na gada a tudu, na bar ta shekara uku ba noma, na kewaye ta da ƙaya. Gamba da kyasuwa suka tashi a ciki har sun fi tsawon mutum. In na tsaya a bakinta sai in ji kamar mai rumbu cike.

Wata ranar Juma'a cikin Satumban 2009, bayan an sauko daga masallaci, Baffa ya ce in kai shi ya ga saurar da ake ta faɗi. Muka je. Ya shiga da sandarsa, ya tsuguna da ƙyar saboda gwiwa, ya zaro tsinken kyasuwa ya ciza.

Ya ce, "Malam, yaushe za ka sa lauje ga hakin ga?"

Na ce, "Baffa, ai ajiya ce. Na bar shi sai rani ya yi tsanani in saki shanu ciki."

Ya girgiza kai. "Yau shina da rai. In yak kwana ashirin nan gaba, sunan haki gare shi, amma icce na. Yanke shi yanzu, ka shanya, ka ɗora bisa."

Na ce to, don ba a musu da babba. Amma a raina lissafi nake yi. Yanka sai da 'yan ƙwadago, ɗanyen haki in ya bushe sai ya koma rabi, ga makaranta an koma, ga ruwa bai gama ɗaukewa ba. Me zai sa in biya kuɗi in rage abin da Allah ya tsayar mini kyauta? Ban yanka ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo. Daminar ta yanke da wuri, a wajenmu da cikin Nijar, makiyayan can suka fara gangarowa tun kaka ba ta ƙare ba, harawa ta yi kuɗi irin wanda ban taɓa gani ba. Ina da auren ƙanwata a gaba, kuma ni ne uba tunda Baba ba ya nan. Masu mota suka zo har gona, na sayar musu da harawar wakena duka. Mai ɗakina ta yi magana. Ta ce, "Malam, kara fa tuwo ne, harawa ce miya. Ka taɓa ganin an ci tuwo gaya wata biyar?" Na ce mata ga saura can cike. Ba ta ƙara cewa komai ba, sai dai ta hana a taɓa 'yar harawar gayaunarta, ta sa aka ɗora mata a kan rumfa saboda jajayen awakinta.

Har ƙarshen Janairu ban ga komai ba. Shanu na cin kara a gonaki, suna ɗauke da kitsen damina. A Fabrairu na buɗe saura, suka shiga, kwana kaɗan suka tsince ɗan ganyen da ya rage, aka bar tsinke tsagwaro. Kuma suna ci. Wannan ne abin da ya rufe mini ido. Kullum da yamma su dawo ciki tim, in duba in ce alhamdu lillahi. Kallon kitse nake yi wa rogo. Sai a Maris na lura cikin na nan a kumbure amma haƙarƙari sun fito, tozo ya faɗi gefe ɗaya, gashi ya tashi ya yi furu-furu. Kashinsu ya koma ƙanana masu tauri, da zobe-zobe a jiki kamar an jera ƙuli-ƙuli, in ka fasa sai ka ga tsinke yadda aka haɗiye shi. Suka fara lasar bango, suna tauna tsohon ƙashi da tsumma da leda a bola. Na ce tsutsar ciki ce, na ba da magani. Na ce ko sammore suka kwaso, na sa aka yi allura. Da na ga ba sauƙi na shiga birni na sayo dusa a wurin wani mai shago da tsadar gaske, da muka zuba a ruwa sai ƙaiƙayi ya taso sama, yashi ya kwanta a ƙasa. Na bar shi da Allah.

Kyalla na da tsohon ciki a lokacin. Ta haihu a Afrilu, cikin zafin nan na Sakkwato da ke haura digiri 40, 'yar maraƙa mace, ƙarama kamar akuya. Hantsarta ba ta kawo ruwan kirki ba.

Manoma kan ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Da hadari ya haɗu a watan Mayu aka yi ruwa mai ƙarfi cikin dare, na fita tsakar gida ina hamdala, na ce wahala ta ƙare. Ashe a nan ta fara. Ruwan ya kwantar da busasshen hakin saura, kwana uku ya yi baƙi yana warin ruɓa, gara ta hau shi, shanu suka ƙi ko shinshinawa. Ɗan tsiron da ya ɓullo bai kai a kama da harshe ba, amma sun ji ƙanshin ɗanye, sai suka yi ta yawo daga wannan kwari zuwa wancan suna dangwalar ƙasa, suna haɗiyar yashi, suna ƙone ɗan ƙarfin da ya rage musu. Ruwa kuma ya ɗauke kusan mako uku. Tsiron ya ƙone. Ba busasshe, ba ɗanye.

Wata safiya yaron kiwo ya zo ya ce Kyalla ta ƙi tashi. Na same ta a kwance ta naɗe ƙafafu, kai a miƙe, tana kallona. Na kira maƙwabta. Muka zura itace ɗaya ta ƙarƙashin ƙirjinta, ɗaya ta gaban hantsa, mutum huɗu suka kama, ni na riƙe wutsiya, muka yi bisimilla muka ɗaga. Ta tsaya ƙafafunta na rawa, na tallabe ta da kafaɗa ina jin ƙashin kwankwasonta na sukar kafaɗata. Mai ɗakina ta kawo harawar awakinta, Kyalla ta ɗan ci. Da azahar ta sake zubewa. Kwana uku muna haka, safe da yamma, har fatar ƙirjinta ta saɓule inda itacen ke gurza. A rana ta huɗu aka ɗauko Baffa a kan babur. Ya buɗe fatar idonta ya ga fari fat, ya shafa bayanta tun daga tozo har wutsiya, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Malam, kira mahauci tun ba ta yi mushe ba."

Ban iya tsayawa wurin yanka ba, amma na dawo lokacin da ake fiɗa, kuma na gode Allah da na dawo. Da mahaucin ya farke tumbi, cike yake dam. Busasshen haki ne a danƙare kamar an cusa a buhu an taka, ya sa hannu yana ɓamɓarowa, tsinke bai ko sauya kama ba. A ƙasa akwai yashi da ya kai cikin kwano, da leda a murɗe kamar igiya. Ya zaro ƙoda ya nuna mini, inda ya kamata a ga farin kitse sai wani abu mai ruwa-ruwa yana rawa. Ya fasa ƙashin ƙafa, ɓargon ya zubo kamar ruwan wankin nama. Ya ce, "Malam, wagga yunwa ta kashe ta." Na tsaya ina kallon tumbin nan cike, ina jin maganarsa, na kasa haɗa biyun a kaina.

Kafin damina ta zauna na rasa wasu biyu da maraƙi ɗaya. Uku na kai kasuwar Kara a birnin Sakkwato a cikin mota don ba za su iya takawa ba, aka saye su kuɗin da bai kai na ragon layya ba. A duk tsawon wannan, awakin mai ɗakina ko ramewa ba su yi ba. Da safe su bi gindin gawo su tsinci 'ya'ya, su miƙe a kan ƙafa biyu su ci magarya da aduwa, da yamma a ba su tafin harawa. Da nononsu da kunun dusa ta raini 'yar Kyalla, a kwalba, kamar jariri.

Akwai abokin karatuna da ya yi likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Da ya zo yi mini jaje na kwashe komai na faɗa masa, na ce ya gaya mini yadda dabba ke mutuwa da yunwa cikinta cike. Ya ce, "Malam, ai ba saniya kake ciyarwa ba." Ya yi mini bayani cewa a cikin tumbi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narkar da haki, saniya kuma ta rayu da abin da suka sarrafa. Su ma sai sun samu furotin, sinadarin nan mai gina jiki, kafin su yi aiki, kuma in ya gaza kamar kashi 7 cikin 100 na abincin, aikinsu na ja baya. Ɗanyen haki na farkon damina yakan haura kashi 10. Da ya fid da kai, amfanin sai ya tafi ga iri, kara ya yi tauri, ganye ya kakkaɓe, rana da iska su ƙarasa, har wanda ya bushe a tsaye ya sauko kashi 2 ko 3. Irin wannan in ya shiga tumbi sai ya zauna, bai narke ba, bai ba da wuri wani ya shigo ba, saniya ta ji ta ƙoshi alhali naman jikinta take ci. Mai ciki da mai shayarwa su ke fara faɗuwa, don su biyu ke ci daga jiki ɗaya. Harawar wake da ta gyaɗa da 'ya'yan gawo kuwa suna riƙe furotin ɗinsu har cikin rani, shi ya sa ɗan kaɗan daga cikinsu ke tayar da waɗancan halittu su narkar da kara da tsinken da in su kaɗai ne ba su da amfani. Taunar ƙashi da lasar bango, ya ce, alamar ƙarancin sinadaran ƙasa ce, musamman wanda ake kira fosfaras. Har maganar hakin arewa ya warware mini. Inda ruwa bai da yawa haki ba ya tsawo, ɗan abincin da ya tsotsa daga ƙasa sai ya taru a ɗan jiki, namu kuwa ya yi tsawo ya tsarma, kamar a dama furar mutum ɗaya a ƙwaryar mutum goma.

Na je wurin Baffa na durƙusa na ce ya yafe mini, ya yi mini magana ban ji ba. Bai tsaya kan wannan ba. Tambayata ya yi ko 'yar maraƙar ta fara tuƙa, ya ce in ta fara in riƙa daka mata 'ya'yan gawo ina haɗawa da 'yar kanwa.

A Satumban wannan shekarar ne gulbin Rima ya yi ambaliyar da ba a manta ba, ruwa ya ci garuruwa tun daga wajen Goronyo, ya yanke hanyar shiga jami'a a Sakkwato. Shinkafarmu ta fadama ta tafi, ko karanta ba mu samu ba. Ba don na sa lauje a saura ba a wannan watan, da ragowar huɗun ma sun bi sauran. Kuma in faɗi gaskiya, yin ingirici a kan lokaci ba abu ne mai sauƙi ba, kada wani ya ɗauka Baffa ya faɗi abin da ba ya cin gumi. Lokacin da haki ke da rai shi ne lokacin da ruwa bai gama ɗaukewa ba, kuma shi ne lokacin da kowane hannu ke wurin girbin gero. Yankan farko da na yi ruwa ya doke shi a shanya, ya yi fumfuna, na zubar. Daga baya na koyi jira sai raɓa ta bushe a yanka, a baza shi sama-sama, a juya da azahar, in an ga hadari a tattara a kai rumfa. Wanda ya yi kyau yakan bushe da sauran korensa, in ka cusa hanci ka ji ƙanshi. Wanda ya yi fari kamar zana, na san na makara.

Tun daga nan harawa ba ta sake fita gidana ba, ko nawa aka taya. Ba na jira sai dabba ta rame, tun Janairu nake fara ba masu ciki da masu shayarwa ɗan rabonsu da yamma bayan sun ci kara, karan ma sai an sassare shi an yayyafa ruwan gishiri. Akwai kuma damman da ke can ƙuryar rumfa waɗanda ko yara sun san ba a taɓa su sai ruwan fari ya sauka. In ya sauka, nakan tsare shanu a turke in ciyar da su har sai sabon haki ya kai a kama da baki, in kuma hana su kusantar gyauron dawa, don sabon tohonta na kashe dabba. Duk ɗan gawon da ya tsiro a gonata nakan kafa masa tsinke kada garma ta cire shi. Itace ne da ya saɓa wa sauran, da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya zubo 'ya'ya daidai lokacin da babu komai.

Abin da ke damuna yanzu ya wuce turkena. Dajin da na bi Baffa a ciki ba shi ne wannan ba. Burtalin da garke ke wucewa a sake ya koma hanyar ƙafa tsakanin gonaki, duk da cewa tun 1965 akwai dokar keɓe makiyaya a Arewa. Fadamar da ake cin burgu, injin ban-ruwa ya mayar da ita albasa da shinkafa da tafarnuwa, ni ma ina cikin masu noman, ba zan ɗora wa wani ba. Hurumin bayan gari in ka hango shi da damina kore shar, ka matso sai ka ga tafasa ce da garmani, abin da saniya ba ta ci. Gamba ta yi wuya, wadda ta rage masu zana na jiranta. Busasshen hakin ma ana sharce shi da manjagara a loda a amalanke a kai birni. Ga rufe iyakar Nijar da aka yi a 2019 da kuma 2023, ga rashin tsaro a gabashinmu, wajen Isa da Sabon Birni, har ya taɓo mu, ya sa makiyayi na gaskiya ba ya iya bin haki inda yake da rai a lokacin da yake da rai. 'Ya'yan Baffa biyu sun sayar da abin da ya rage musu, ɗaya yana gadi a birni. Shi Baffa ya rasu a 2014, Allah ya jiƙansa da Baba, ya sa sun huta.

'Yar Kyalla ta rayu, ta haihu sau biyar kafin in sayar da ita da kaka tana da ƙiba. Jikarta ce a turke yanzu, ita ma da farin goshi, tana da ciki, haihuwarta za ta faɗo cikin bazara. Jiya da yamma na hau rumfa na ƙirga, ingirici dami arba'in da biyu, harawa ashirin da shida. Da bakin da nake da su, ba za su kai ni bayan ruwan fari ba. Na gaya wa mai ɗakina ranar Lahadi zan kai bijimin nan Illela tun tozonsa na tsaye, in sayo dusa da angurya da kuɗin, wannan karon kuma sai na jiƙa dusar a ruwa a gaban mai ita kafin in biya.